Aikin Katako a Gida: Amsoshin Tambayoyin da Masu Farawa Suka Fi Yi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu son haɗa wa iyalinsu benci, kanta, kujera ko teburin karatu da hannunsu, ba don sayarwa ba. An jera su daga na farko zuwa masu zurfi, an kuma sa musu lamba domin wata amsar tana jingine da wata.

1. Ban taɓa riƙe zarto ba. Waɗanne kayan aiki zan fara saya?

Kaɗan ne, kuma duk za su shiga buhu ɗaya: zarton hannu mai haƙora 8 zuwa 10 a kowane inci, hama matsakaiciya mai bakin cire ƙusa, tef na awo mai mita 3 ko 5, sukwaya ta ƙarfe (ma'aunin daidaita kusurwa), cizil biyu, wato ƙarfen sassaƙa mai kaifin baki (na rabin inci da na inci ɗaya), sukurudireba mai baki ɗaya da mai tauraro, fensir, dutsen wasa wuƙa, sai sanfefa. Idan da sauran kuɗi, a ƙara filen na hannu (abin fere fuskar katako ta yi sumul) da kilam biyu, wato ƙarfen matse katako. Wanda bai samu kilam ba ya nemi tsohon tiyub na babur wajen mai faci, ya yanka shi tsiri-tsiri. Idan aka naɗe shi da ƙarfi yana matse haɗi sosai.

Sukwaya ce kaɗai ba a yi mata rowa. Tun a shago ka gwada ta: ɗora ta a gefen katako miƙaƙƙe, ja layi, juya ta ɗaya ɓangaren, sake jan layi a wuri guda. Idan layukan biyu suka rabu, ajiye musu abarsu. Karkatacciyar sukwaya duk abin da aka auna da ita karkatacce zai fito, mai aikin kuma ya yi ta zargin hannunsa.

2. Sai na sayi injinan lantarki?

A'a. Injin da ya cancanci kuɗinsa ga mai aikin gida shi ne diril mai batir, na bolt 12 ko 18, domin ana cajinsa idan an kawo wuta ko da sola, kuma yana huda yana ɗaure sukuru. Tsaga dogon falanki da goge fuskarsa kuwa, masu inji a kasuwar katako suna yi a kan kuɗi kaɗan.

Abu ɗaya ne ba a yarda da shi ko kusa ba: ɗaura faifan zarto mai haƙora a jikin giranda. Ƙaramar giranda tana juyawa kusan sau 11,000 a minti ɗaya, ba ta da teburin da zai riƙe ta, kuma da haƙori ya cije a katako sai ta yi tsalle ta dawo kan mai riƙe da ita. Haka nan duk wani inji mai juyawa ba a matsarsa da babbar riga, hannun kaftani mai faɗi, mayafi ko carbi a wuya.

3. Wane irin katako ya dace da mai koyo?

A kasuwa za ka ji ana cewa farin katako da jan katako, amma kowanne yana da iri-iri. Obeche fari ne, mara nauyi, mai laushin yanka, ya dace da koyo da kayan cikin ɗaki da za a yi wa fenti. Aibinsa shi ne ƙwaro na sonsa kuma ba ya jure ruwa. Afara ta ɗan fi shi ƙarfi. Melina, wadda asalinta daga Asiya aka kawo ta ake shukawa, tana jinkirin bushewa, amma idan ta bushe ba ta yawan motsi, ga ta da sauƙin sarrafawa. Da ɗayan waɗannan ukun ya kamata a fara.

Iroko, wanda wasu ke kira loko, da madaci da kawo su ne na ƙarko: suna da nauyi, zuciyarsu tana jure gara, suna kuma kyau da banish. Sai dai suna cin kaifin kayan aiki, iroko ma wani lokaci akan tarar da wani abu kamar tsakuwa a cikin jijiyarsa wanda ke ɓalle bakin filen. Darbejiya dangin madaci ce, idan an sare wata a unguwa kuma aka samu aka tsaga, tana yin kujera mai kyau. Madobiya kyakkyawa ce, amma an yi mata sarar wuce gona da iri ana fita da ita waje, har a 2016 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe. Benci na tsakar gida bai kai a nemi ta ba.

4. Yaya zan sayi katako ba a cuce ni ba?

Da inci ake kiran awo. Tubaitu inci 2 ne ta kowane gefe, tubaitiri 2 da 3, tubaifo 2 da 4, falanki kuma galibi kaurin inci 1 ne, faɗin inci 12, tsawon ƙafa 12. Wannan suna ne kawai. Idan ka sa tef za ka ga tubaifo bai cika ba, kuma in aka goge shi a inji zai ƙara raguwa da milimita 3 zuwa 5. Saboda haka kada ka yanke lissafin aikinka sai katakon ya zo hannu.

Ko a 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano ne, ko Panteka a Kaduna, ko kasuwar Katako a Yamai, dokar ɗaya ce: da kanka za ka zaɓa. Ɗaga kan falankin zuwa idonka, ka hango tsawonsa kamar mai saita bindiga, nan take za ka ga wanda ya kantare ko ya murɗe. Duba kawunan biyu ko sun tsage. Guji mai manyan ƙulli a gefe, da mai ƙananan huji da gari ke zuba, da jan katakon da rabinsa farin gefe ne (dalili yana tambaya ta 15). Ɗaga biyu masu girma ɗaya: wanda ya fi nauyi da sanyi a tafin hannu shi ne ɗanye. Sannan ka ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a kan lissafinka saboda ɓarna.

5. Na haɗa tebur da damina lafiya lau, hunturu na shiga ya tsage, haɗin ya buɗe. Me ya jawo?

Wannan ita ce babbar matsalar aikin katako a ƙasarmu, ta fi ƙarancin kayan aiki, ta fi rashin ƙwarewa. Yawancin katakon kasuwanninmu daga dazukan kudu yake zuwa, irin su Ondo, Edo da Kuros Riba, kuma sau da yawa bai daɗe da barin injin tsaga ba aka loda shi. Ɗanyen itace yana iya ɗaukar ruwan da ya haura rabin nauyin busasshensa. Ba ya fara tsukewa sai laimarsa ta sauko ƙasa da kusan kashi 30 cikin ɗari, daga nan kuma duk ɗigon da ya fita, jikinsa raguwa yake yi.

Katako kullum yana bin iskar da yake ciki. A watan Agusta, lokacin da laimar iska ke kai kashi 80, busasshen katako yakan tsaya a wajen kashi 16. A Janairu da Fabrairu, da iskar hunturu ta sauke laimar zuwa kashi 20 ko ƙasa, yakan sauko wajen kashi 4 zuwa 5. Wannan tazarar tana sa falanki mai faɗin santimita 30 ya ragu da milimita 4 zuwa 7, gwargwadon irinsa, ya kuma koma idan ruwa ya sauka. Shi ya sa ƙofa ke cijewa da damina, da rani kuma ana hango haske ta gefenta.

Abin lura shi ne, ta faɗi yake motsi, ta tsawo kusan ba ya yi. Idan ka ɗaure faffaɗan falanki tamau a kan wani katakon da ya gitta shi, ɗaya yana son tsukewa ɗaya ya ƙi, sai mai rauni ya dare. Magani biyu ne: busarwa kafin aiki (tambaya ta 6), da barin wa katako hanyar motsi a haɗi (tambaya ta 18).

6. To yaya ake busar da katako a gida?

A inuwa, inda iska ke ratsawa, kamar ƙarƙashin rumfa ko zaure. Jera bulo a ƙasa su daidaita, domin katakon ya tashi da kamar santimita 30. Shimfiɗa falanki, ɗora busassun 'yan sanduna masu kaurin santimita 2 a gicciye, tazarar santimita 50, kowace sanda saitin ta ƙasanta, sai wani falankin a kai. A saman duka a danne da bulo. Kawunan falankin a shafe su da ragowar fenti ko narkakken kyandir, domin ta nan ruwa ya fi saurin fita, ta nan kuma tsaga ke farawa. Kada a jingine falanki a bango cikin rana: fuskar da rana ke duka za ta riga ɗayar bushewa, ya lanƙwashe kamar kwami.

Da rani, farin katako mai kaurin inci ɗaya makonni 4 zuwa 8 sukan ishe shi; jan katako da melina sun fi haka, mai kaurin inci biyu kuma sai a ninka fiye da sau biyu. Ba sai da na'urar gwajin laima ba. Ware guntu ɗaya, ɗora shi a sikeli duk ranar Juma'a, rubuta nauyin a jikinsa da fensir. Ran da nauyin ya tsaya mako biyu a jere, ya bushe. Daga nan a shigar da shi ɗakin da kayan za su zauna ya yi mako guda kafin a taɓa shi da zarto.

7. Filawud da MDF fa?

Dukansu faifai ne na ƙafa 4 da ƙafa 8, kauri kwata, rabi ko uku bisa huɗu na inci, wato wajen milimita 6, 12 da 18. Filawud siraran yadudduka ne da aka manne a gicciye, don haka ba ya tsukewa irin na falanki, shi ya sa ya dace da kanta, akwati da bayan kabad. Duba gefensa: idan akwai ramuka tsakanin yadudduka ko suna ɗagowa, mara kyau ne.

MDF garin katako ne da gam. Fuskarsa sumul take, tana shan fenti da kyau, amma ga nauyi, ga shi ba ya riƙe sukuru ta gefe, kuma da ruwan mofa ya taɓa gindinsa sai ya kumbura kamar burodi, ba ya komawa. Kada a kai shi madafa ko kusa da randa.

8. Da wane aiki zan fara?

Kujera 'yar tsugunno. Guntun falanki mai tsawon mita ɗaya ya isa, kuma duk darasin farko yana cikinta. Daga falanki mai kaurin santimita 2.5 yanka guda huɗu: saman zama santimita 32 da 22, ƙafafu biyu, kowace faɗin 20, tsayin 17, jijiyar katakon tana tsaye, sai gicciye ɗaya mai tsawon 22 da faɗin 7. A gindin kowace ƙafa yanke ɗan kusurwa uku daga tsakiya, mai zurfin santimita 4, domin kujerar ta tsaya a kan duga-dugai huɗu. In ba haka ba, a daɓen da bai daidaita ba za ta riƙa rawa.

Fara haɗa gicciyen tsakanin ƙafafun, samansa daidai da samansu, da gam da sukuru biyu-biyu masu inci biyu da rabi. Gwada da sukwaya kafin gam ya kama. Kifa saman zaman a ƙasa, ɗora ƙafafun a kai, ka bar santimita 2.5 ta kowane kai, zagaye su da fensir, huda, sannan ka juya ka ɗaure: biyu a kowace ƙafa, biyu a cikin gicciye. Nutsar da kan sukuru ƙasa da fuskar katako don kada ya kama zane. A ƙarshe kashe kaifin gefuna da sanfefa. Wanda ya yi wannan ta tsaya daram, zai iya abin ajiye takalma, daga nan benci.

9. Ina bin layi amma yankana ba ya miƙewa.

Ja layin da sukwaya a fuska da gefuna biyu, ba fuska kaɗai ba, domin ka ga ko zarton yana karkata ta ƙasa. Danne katakon kada ya motsa. Miƙa yatsanka manuni a gefen mariƙin zarto, fara da ja baya sau biyu ko uku a hankali har ya yi hanya, sannan ka yi dogon ja da tsawon zarton duka, ba danna ba. Yanka a gefen layin ta ɓangaren da za a yar, domin zarto da kansa yana cinye milimita 1 zuwa 2. Da ka kusa ƙarewa riƙe guntun da zai faɗi, kada ya ɓalle da tsiri.

Idan ka kiyaye duk wannan amma zarton kullum gefe ɗaya yake ja, laifinsa ne: haƙoransa sun fi buɗewa ta wannan gefen. Idan kuma cijewa yake, ko katakon ɗanye ne ko zarton ya dakushe. Goga masa kyandir yana taimakawa.

10. Ƙusa, sukuru ko gam, wanne ya fi riƙo?

Farin gam na katako, irin su Top Bond, idan fuskokin biyu sun haɗu ba rata kuma gefe da gefe ne, haɗin yakan fi katakon kansa ƙarfi. Sharaɗinsa matsi. Shafa siriri a ɓangarorin biyu, haɗa cikin minti 5 (da zafin bazara ma kada ka kai haka), matse na aƙalla awa ɗaya, kada a ɗora masa nauyi sai bayan awa 24. Wanda ya tsatso a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma nan take, domin banish ba ya kama inda gam ya bushe. A kan yankakken kai kuwa gam ba ya riƙo sosai, katakon tsotse shi yake kamar rake. Shafa sau ɗaya, jira minti biyu, sake shafawa. Gam mai wari irin Evo-Stik na manna fomaika da fata ne, ba na ƙafar kujera ba.

Sukuru ya fi ƙusa a duk abin da ake zama a kai ko ake ja, kuma ana iya kwance shi ran tashi daga gidan haya. Ƙusa ta ishi bayan kabad da akurkin kaji. Tsawonta ya zama ninki biyu da rabi zuwa uku na kaurin katakon sama, a kuma buga su a ɗan karkace, ɗaya ta kalli ɗaya, sun fi wuyar zarewa.

11. Da na buga ƙusa kusa da baki sai katakon ya dare.

Tsinin ƙusa raba jijiya yake yi kamar gatari. Kifa ƙusar, ɗan daki tsininta da hama ya dakushe, sai ta riƙa yanka jijiyar maimakon raba ta. Bar aƙalla santimita 2 daga baki, kuma kada ƙusoshi biyu su hau jijiya ɗaya. A jan katako dole a fara huda rami da ya ɗan fi ƙusar siranta. Sukuru ma haka: ramin katakon sama ya kai kaurin sukurun, na ƙasa ya kai kaurin sandarsa ban da zaren. Goga masa sabulu busasshe ko kyandir, zai shiga ba tare da kansa ya cinye ba.

12. Bencina yana girgiɗi. Ina gyaran yake?

Girgiɗi iri biyu ne. Idan ƙafa ɗaya ce ba ta taɓa ƙasa, ɗora bencin a wuri mai daidaito, cusa 'yan takardu har ya tsaya, sannan ka kwantar da fensir a kan ɗan guntun katako ka zagaye ƙafafun huɗu da shi, ka yanke a kan layin. Kada ka riƙa rage ƙafa ɗaya-ɗaya da ido, haka ake mayar da benci kujerar tsugunno.

Idan kuma lilo yake yi hagu da dama, to ba shi da abin da ke riƙe kusurwa. Benci mai tsawon santimita 120, tsayi 45, faɗi 30, yana bukatar katako mai faɗin santimita 8 zuwa 10 a ƙarƙashin mazauni ta gaba da baya, da sukuru biyu a kowane haɗi, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Sukuru ɗaya tal ya zama ƙusar juyawa. Kafin gam ya kama, auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta ta ɓangarorin biyu. Idan awon ya zo ɗaya, firam ɗin ya daidaita.

13. Yaya zan kafa kanta a bangon bulo, kuma me ya sa take lotsawa a tsakiya?

Lotsawa daga tazara take. Filawud mai milimita 18 da zai ɗauki littattafai kada tazarar madogaransa ta wuce santimita 75. MDF kuwa 55 zuwa 60. Idan ana son ta fi haka tsawo, a manna tsirin katako mai faɗin santimita 4 a tsaye a bakin gaba.

A bango, a huda da bakin diril na kankare mai milimita 8, a sa fisha mai lamba 8, wato robar da ake cusawa a ramin don ta riƙe sukuru, sukurun ya shiga bangon da aƙalla santimita 5. Bulonmu mai rami ne, wani kuma yashi ya fi siminti yawa. Idan ramin ya rarake, fiƙe busasshen jan katako ka buga shi ciki tamau, ka ɗaure a jikinsa. Kada ka huda saitin soket ko makunni, sama ko gefe, nan wayar wuta ke bi. A bangon ƙasa kuwa gara a yi kanta mai ƙafafu.

14. Yaya ake wasa cizil da bakin filen?

Fara da bayan, a kwance shamal a kan dutse har ya yi sheƙi kusa da baki. Sannan gaban, a kusurwar digiri 25 zuwa 30. Alama mai sauƙi ita ce tsawon gangaren bakin ya kai ninki biyu na kaurin ƙarfen ko ya ɗan fi. Ɗiga kananzir ko ɗan mai a dutsen, yi ta gogawa har ka ji wani siririn ƙarfe ya tanƙwaro ta baya idan ka shafa da yatsa. Kifa shi ka goge wannan, ka ƙarasa a kan tsohon bel na fata. Cizil mai kaifi yana fere kan obeche ba tare da murƙushe shi ba. Mai wasa wuƙa da injin dutse kuwa a ce masa ya riƙa tsoma shi a ruwa; da bakin ya yi shuɗi, ƙarfen ya mutu. Kuma hannaye biyu kullum su kasance bayan kaifi.

15. Gara da ƙwaro sun addabe mu. Baƙin mai yana magani?

Gara daga ƙasa take tasowa, don haka kariya ta farko ita ce raba katako da ƙasa da jiƙaƙƙen bango: a sa wa ƙafafu takalmin roba, a matsar da kabad daga bango da faɗin yatsu uku, a riƙa leƙa baya ko ta fara gina hanyarta. Baƙin mai na inji yana ɗan korar ta a turken rumfa ko gindin akurki, amma yana wari, yana ɓata tufafi, fenti ba ya kama kansa, kuma guba ne. Ba na cikin ɗaki ba ne. Maganin katako na gwangwani irin Solignum ya fi, a shafa sau biyu, a fi cika shi a yankakkun kawuna, a bari ya sha iska a waje kwanaki kafin a shigar.

Garin da ake wayar gari a gani a ƙarƙashin kujera kuwa ba gara ba ce, tsutsar wani ƙwaro ce da ke cin sitacin farin gefen itace. Shi ya sa ko iroko ne, farin gefensa ba shi da kariya, obeche da mangwaro kuma duk jikinsu abinci ne. Ruwan boraks, gram 100 a lita ɗaya ta ruwan zafi, idan aka shafa wa katako tsirara kafin fenti yana hana su. Ƙaramin abu da suka riga suka shiga, a ɗaure shi cikin baƙar leda a shanya a ranar Afrilu wuni biyu; zafin digiri 56 na rabin awa a tsakiyar katako yana kashe su.

16. Banish ɗina ya fito da ƙuraje, yana kuma danƙo.

Ƙuraje ƙura ce, ko gaggawar sanfefa. Bi lamba 80, sai 120, sai 180, kullum ta tsawon jijiya; gogen gicciye ba ya ɓuya, banish ma ƙara fito da shi yake. Kakkaɓe, goge da tsumma mai ɗan laima, bari ya bushe. Shafin farko a sirka shi da kashi ɗaya na abin sirkin da aka rubuta a gwangwanin cikin kashi huɗu na banish. Bayan ya bushe a shafa lamba 220 sama-sama, a ƙara shafi biyu sirara. A shafa ƙasa da sama daidai, domin fuska ɗaya kaɗai idan aka rufe, katakon zai kantare.

Danƙo yana zuwa ne daga shafi mai kauri, ko ƙarin shafi kafin na ƙasa ya bushe, ko man jikin iroko. Shi iroko a fara goge shi da tina, ruwan sirka fenti. Da hunturu a yayyafa ruwa a daɓe, a rufe taga, a yi shafin da sassafe kafin iska ta taso. Tsumman da ya sha man linsid, wani man shafa wa katako, kada a dunƙule shi a jefa kwando, yana iya kama wuta da kansa. A baza shi a waje ya bushe.

17. Ina so in yi katakon yanka nama da kayan wasan yara. Me zan kiyaye?

Abin da zai taɓa abinci ko bakin yaro ba ya haɗuwa da Solignum, baƙin mai ko tsohon katako mai fenti, domin wasu fentin mai suna ɗauke da dalma. Katakon falet, wato dandamalin da ake ɗora kaya a kai wajen jigila, shi ma a duba hatiminsa: HT na nufin da zafi aka gasa shi, MB kuma hayaƙin magani aka yi masa, shi a guje shi. Katakon yanka a yi shi da itace mai tauri da matsattsiyar jijiya, kauri santimita 3, a shafa masa farafin na ruwa da ake sayarwa a kemis, ko man kaɗanya da aka narka da kakin zuma. Man gyaɗa yana daɗewa ya yi ɗoyi. Madaci da darbejiya suna da ɗaci, ba su dace da nan ba. Ba banza masassaƙa suka zaɓi ƙirya don turmi da aduwa don allo ba.

Na yara, a zagaye kowace kusurwa, a guji ƙusa da ƙananan ɓangarorin da za su cire su shiga baki. Gadon jariri tazarar sandunansa kada ta wuce santimita 6. Teburin ɗan shekara 5 zuwa 7 tsayin santimita 55 ya yi, kujerarsa 32. Duk kabad ko kantar da ta fi yaro tsayi a ɗaure ta da bango, domin hawa zai yi. Gogen sanfefa kuma a yi shi nesa da su, da takunkumi a hanci: ƙurar obeche da iroko tana tayar da asma, ta MDF ma ba ta da kyau ga huhu.

18. Yaya zan haɗa faffaɗan saman tebur da ba zai tsage ba?

Kada ka nemi falanki ɗaya mai faɗi. Tsaga shi zuwa santimita 10 zuwa 15, ka dubi zoben da ke kan kowanne, ka jera ɗaya zobensa na kallon sama, na kusa da shi na kallon ƙasa, domin lanƙwasar wannan ta kashe ta wancan. Goge gefuna da filen biyu-biyu a haɗe, ka gwada su a hasken taga. In haske na ratsawa, da saura. Shafa gam kamar yadda aka faɗa a tambaya ta 10, matse da kilam kowane santimita 40, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa, ka danne kawunan da miƙaƙƙun sanduna da aka naɗe da leda don kada su manne.

Wajen ɗora shi a kan firam ne ake yawan kuskure. Ba a sa gam. A katakon da ya gitta saman, sukurun tsakiya kaɗai ake ɗaurewa a rami daidai; na gefe a tsawaita raminsu ya zama kamar ƙwayar dabino, tsawon santimita 1.5 ta hanyar faɗin teburin, a sa washa, a ɗaure ba tamau ba. Idan da hunturu kake aikin, sukurun ya zauna ta gefen ramin da zai bar saman ya buɗe; idan da damina ne, ta gefen da zai bar shi ya tsuke. Haka ƙofar kabad da aljihun tebur: wanda aka haɗa a Janairu a bar masa ratar milimita 3 ta kowane gefe, wanda aka haɗa a Agusta milimita 1 ta isa.